Minti Arba'in a Bakin Zauren Kokawa

Bishkek, 12 ga Janairu, 2003

Yaya Burul,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Yaya Kanibek, da fatan sanyin Mosko bai karya ku ba. Mu nan lafiya lau. Tarin Akmaral ya tafi. Tilek ya ƙara ƙiba, kocinsu ya ce in rage masa burodi. Na ce, "Malam, ka zo gida ka rage masa da kanka in kana jin ƙarfi."

Kin tambaya ko 'ya'yanki suna zuwa wasanni kamar yadda kika bar wasiyya shekara biyu da suka wuce. Ko rana ɗaya ba su fasa ba. Da safe ina shagon ɗinki ina sa maɓallai har sha biyu. Ƙarfe ɗaya in ɗauko su daga makaranta, su ci abinci a tsaye. Ƙarfe biyu in ajiye Akmaral a gidan iyo, mu sake hawa bas in kai Tilek zauren kokawa biyu da rabi. Uku da minti goma in tashi in koma ɗauko Akmaral, in busar mata da kai, mu dawo mu jira Tilek. Kwana shida a mako haka muke, direbobin bas ɗin har sun san mu.

Amma na gano wani abu. Tsakanin biyu da rabi da uku da minti goma akwai minti arba'in da ba na kowa ba ne. Akwai benci a bakin zauren, kusa da bututun ɗumama ɗaki. Sauran iyaye mata suna ta gulma, ni kuwa na kakkaɓe tsofaffin littattafaina ina dubawa. In na dawo da Akmaral kuma ina samun wasu minti ashirin, tana aikin makaranta a gefena. Kwana biyu ban ji daɗin wani abu kamar wannan ɗan zaman ba. A kan bencin ma nake rubuto miki wannan.

Yara suna gaishe ki. Akmaral ta ce wai a Mosko ma ana iyo, ko ruwan duk ya daskare?

Ƙanwarki,
Saltanat

Mosko, 6 ga Fabrairu, 2003

Saltanat ƙanwata,

Na samu wasiƙarki, na ji kuna lafiya, alhamdulillahi. Mu ma muna nan. Bayan Kanibek ne yake damunsa saboda dako, ni kuma hannuwana sun tsattsage da ruwan goge-goge, biro ma da ƙyar nake riƙewa.

Minti arba'in! Sai da na karanta wurin sau uku. Saltanat, tun da na sa ƙafa a garin nan ban taɓa zama minti arba'in idona biyu ba. Kasuwar da nake gogewa, kafin in kai ƙarshe mutane sun sake tattake farkon da taɓo. Shayi ma a tsaye nake sha bayan ƙofa, kada shugabarmu ta gan ni. Ke kuwa ga benci, ga ɗumi, ga karance-karance. Ba hassada nake yi ba, Allah ya ƙara.

To tunda Allah ya ba ki sarari, ga wata alfarma. Surukata, Iya Ulkan, likita ya ce ciwon sugarta ya kai sai da allura kullum da rana. Idonta ba ya gani sosai. 'Yarta Damira ta ce ita jini na ba ta tsoro, kin dai san Damira. Gidan Iya bai fi tafiyar minti goma daga zauren kokawa ba, ke kuma kin yi makarantar ungozoma, allura ba komai ba ce a wurinki. Ki shiga, ki yi mata, ki fito. Kanibek ba ya samun kwanciyar hankali saboda uwarsa, in kuwa hankalinsa ya tashi a kaina yake saukewa. Na riga na ce masa kin yarda.

Ki kula kada Tilek ya fasa ko sau ɗaya. Ba don kokawar nan ba da yanzu yana bin 'yan unguwa. Ki sumbatar min Akmaral.

Yayarki,
Burul

Bishkek, 15 ga Maris, 2003

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta fara narkewa, takalman yara kullum a jiƙe.

Wata guda ke nan ina yi wa Iya Ulkan allura. Ban ƙi ba, tunda kin riga kin amsa da bakina. Amma laifina ne da ban yi miki bayani sosai ba tun farko, kunya ce ta hana ni, da tsoron kada in faɗa abin ya ƙi.

Ba karance-karancen hira nake yi ba. Kin tuna na bar kwaleji saura jarrabawar ƙarshe lokacin da Mama ta kwanta ciwon ajali. Na je na tambaya. Sun ce wanda ya bari yana da shekara uku ya dawo ya rubuta, bayan nan sunansa ya fita. Tawa shekara ukun za ta cika bana. Ranar 19 ga Yuni ce jarrabawar. In ta wuce ni, shi ke nan, babu wata. Littafin babi talatin da biyu ne. Na yanka kwali na rubuta tambayoyi a kai, na lissafa in na riƙe bencin nan kullum zan gama har in maimaita. Kafin wasiƙarki ta zo na kai babi na tara. Yau ina na goma sha ɗaya.

Kin ce in shiga, in yi, in fito. Yaya, kin fi ni sanin surukarki. Ina isa za ta ce, "Yanzu kika ga damar zuwa? Zauna, ba a yi min allura da hannu mai sanyi." Sai ta sa in ɗora shayi. Sai ta ce in tsefe mata kai, in kwashe toka, in karanta mata takardar magani da na karanta jiya. In na kalli agogo sai ta ce, "Ina za ki, 'yata? Miji ne ke jiranki ko jariri?" Ta yi dariya har da tari. Jiya na tarar da Damira a can tana shafa jan farce, ta ɗaga kai ta ce, "Sannu likita." Ko kofi ba ta ɗauke ba.

Daga can da gudu nake kama bas. Sau biyu na tarar da Akmaral a bakin ƙofa da jiƙaƙƙen kai tana rawar ɗari. In mun koma gida ga girki, ga wanki, ga murhu, in na buɗe littafi layi biyu nake gani.

Roƙona ɗaya ne. Ki sa Yaya Kanibek ya yi wa Damira magana a waya, tunda ita tana da waya a gida. Zan koya mata allurar, yaro ma zai iya. Wata uku kawai. In wannan ba zai yiwu ba, ki ba ni izini Akmaral ta dakata da iyo zuwa ƙarshen Yuni. Ban taɓa roƙonki komai ba tun tafiyarki. Ki ba ni amsa da wuri.

Saltanat

Bishkek, 24 ga Afrilu, 2003

Yaya Burul,

Da fatan kina lafiya. Yaranki lafiya.

Kwana arba'in ke nan. Kullum sai na duba akwatin wasiƙu sau biyu. Lokacin da kike son a yi wa surukarki allura, amsarki ba ta yi wata ba. Na gane. Da kin ce a'a ma da ya fi min wannan shirun.

Na yi wa Damira magana da kaina. Ta ce, "Ke da kike zaune gidan yayana kyauta, allura ɗaya ce ta gagare ki?" Gidan da nake sharewa, nake kunna wa wuta, nake rainon 'ya'yan cikinsa.

Saboda haka na yanke hukunci ba da izininki ba. Tun Litinin Akmaral ba ta zuwa iyo. In na kai Tilek, na yi allurar, sai mu dawo benci ni da ita, in samu awa guda cur. Ina babi na goma sha biyar. Bayan jarrabawa za ta koma.

Saltanat

Mosko, 9 ga Mayu, 2003

Saltanat,

Muna lafiya, in kin damu ki sani.

Wata uku babu ko layi ɗaya daga gare ki. Na ce ko ciwo ne, ko wani abu ya sami yaran kina ɓoye min. Sai da Kanibek ya kira Damira muka ji komai. Wai kin cire Akmaral daga iyo. Wai kina zaunar da ita a bakin zauren kokawa cikin warin gumin maza, ke kina karatun littattafanki. Wai Iya Ulkan tana kuka, kina yi mata allura kina kallon agogo kamar wadda aka sa dole.

Kanibek ya jefo min maganar a gaban mutanen ɗakinmu. Ya ce, "Ga 'yar'uwar taki da kika ce ta fi uwa."

Me na yi miki? Don na roƙe ki abu ɗaya shi ne kika huce a kan yarinya 'yar shekara takwas? Kin san abin da iyon nan yake a wurina? Ina durƙushe ina goge kashin karnukan mutane, abin da ke riƙe ni shi ne in tuna 'yata tana cikin ruwa mai tsabta tana koyon abin da ni ban samu ba. Ke ba ki haihu ba, ba za ki gane ba.

Ki mayar da ita gobe. Littafi ba ya gudu, in yara sun girma kya karanta har ki gaji.

Mun tashi daga tsohon ɗakin tun farkon Maris, maigidan ya kore mu. Ina jin na faɗa miki. Ga sabon adireshin a bayan ambulan, in kin ga dama.

Burul

Bishkek, 21 ga Yuni, 2003

Yaya,

Yara lafiya. Tilek ya zo na biyu a gasar gari. Ga hoton, ki nuna wa mutanen ɗakinku.

Ba ki faɗa min kun tashi ba. Wasiƙu biyu na aika tsohon adireshin. Da na ga taki na so in sake rubuta komai daga farko, sai na kai wurin da kika ce ban haihu ba, na ajiye biron.

Na mayar da Akmaral iyo ranar 20 ga Mayu. Kada ki ɗauka tsoronki na ji. Malamarsu ce ta tare ni a hanya ta ce in ta ƙara mako ɗaya za a ba wata gurbinta. Yarinyar kuma na gan ta tana kwance a kan darduma tana buga ƙafa kamar tana cikin ruwa. Sai na ga ba zan iya ba.

Tunda ba ki sani ba, ga abin da nake karantawa. Jarrabawar ƙarshe ta ungozoma ce, damata ta ƙarshe. Shekaranjiya aka yi. Na shiga da babi ashirin da ɗaya a kaina cikin talatin da biyu. Wasu na haddace su a bas a tsaye, wasu a ɗakin canza kaya ina riƙe da tawul. Jarrabawar ta baki ce. Takardu a kife a kan tebur, ka ɗauki ɗaya. Na yi bismillah na ɗauka. Tambaya ta farko na amsa har malamai suna gyaɗa kai. Ta biyu, zubar jini bayan haihuwa, babi na ashirin da shida. Na san shafin, na san akwai zane a gefen dama, ban taɓa karanta shi ba.

Shugabar masu jarrabawar tsohuwar malamata ce. Ta jira ni, ta ba ni ruwa, ta sake juya tambayar ta wata fuska. Daga ƙarshe ta cire tabarau ta ce, "Saltanat, a ajinku babu mai hannu irin naki. Amma in mace tana zubar da jini a gabanki, ba za ta jira ki je ki duba littafi ba. Me kika yi da shekara uku?"

Na ce, "Ina kai yara wasa, Malama."

Wani malami ya yi dariya, ya ɗauka raha nake yi.

Na fito sha biyu da rabi. Ban sami inda zan zauna in yi kuka ba, ƙarfe ɗaya na yi. Na ɗauko su, na kai wannan iyo, na kai wancan kokawa, na je na yi wa Iya Ulkan allura. Ta kalli fuskata ta ce, "Yau kuma wa ya mutu?"

Shi ke nan. Yanzu babu abin da zai sa in kalli agogo, ki faɗa wa Yaya Kanibek hankalinsa ya kwanta.

Saltanat

Mosko, 13 ga Yuli, 2003

Ƙanwata, 'yar Mamata,

Ina gaishe ki, ban ma san da wane baki ba. Da fatan jikinki lafiya.

Ranar da na karanta wasiƙarki na roƙi awa biyu a wurin aiki, aka ba ni da zagi. Na je tsohon gidan. Matar maigidan ta fito da wasiƙunki daga cikin tarin jaridun da take kunna wuta da su. Saura kaɗan. A kan matakala na karanta su, na yi kuka har wata tsohuwa ta tsaya tana tambayata ko an yi min sata. Wallahi Saltanat da na gani a kan lokaci da na sa Damira ta yi allurar ko tana suma. Maganar haihuwa da na yi, ki yafe min, bakina ne ya riga hankalina. Na so in kira ki, amma sai ta wayar Damira, kuma ba na so ta ji muryata ina kuka.

Amma kada ki karaya. Ke mai ƙwaƙwalwa ce, tun muna yara kin fi ni. Baɗi sai ki sake zama, kin ga kin riga kin yi ashirin da ɗaya, saura kaɗan. Na saya miki rigar sanyi mai kyau, ja, mai hula, zan ba wani ɗan garinmu ya kawo miki.

Akwai kuma wata magana, gara ki ji daga bakina. Mun so mu dawo kaka mai zuwa, amma Kanibek ya sami wuri a wani gini, mai aikin ya ce sai wanda zai yi shekara. Ya ce in muka dawo yanzu duk wahalar ta tashi a banza. Shekara ɗaya ce kawai, ta ƙarshe, na rantse. Kocin Tilek ma ya ce wa Damira baɗi za a iya ɗaukarsa makarantar 'yan wasa in bai yi wasa da horo ba. Wa zan ba amanarsu in ba ke ba?

Ki rubuto min ko zagi ne.

Yayarki mai laifi,
Burul

Bishkek, 10 ga Agusta, 2003

Burul,

Yara lafiya.

Kin ce kin karanta wasiƙuna a kan matakala kina kuka. To hawayen ne suka rufe miki layin da na ce babu baɗi? Sau biyu na rubuta, a ta Maris da ta Yuni. Sunana ya fita daga kwaleji. Na je na karɓo takarduna, ko cika ambulan ba su yi ba. Har yanzu abin da kike so ki gani kawai kike gani a rubutuna.

Rigar ta iso. Ta yi min yawa, ki tuna shekara biyu da rabi ba ki gan ni ba. Damira ta gwada, ta zauna mata daidai, na bar mata.

Na yi tunanin in kai yaran gidan kakarsu in ajiye makulli in yi tafiyata. Har na haɗa jaka. Sai Tilek ya shigo da kunne a kumbure, ya ɗora kansa a cinyata ya ce, "Inna, duba min." Yaron da yake kayar da waɗanda suka girme shi. Na duba masa, na kwance jakar. Kin san ba zan iya barinsu ba, shi ya sa kika rantse da sauƙi. Shekarar farko ma kin rantse.

Zan kai su, zan ɗauko su, zan ciyar da su. Zan yi wa surukarki allura har ranar da ɗayarmu za ta riga ɗaya. Ba don ke ba.

Amma ni da ke rubutu ya ƙare. Kada ki sake aiko min da wasiƙa, ba zan buɗe ba. Yaranki sun iya karatu da rubutu, ni na koya musu. In kina son labarinsu ki tambaye su.

Saltanat

Bishkek, 18 ga Satumba, 2003

Mama,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Muna lafiya. Ni ce Akmaral. Tilek ya ce shi hannunsa na ciwo, ni in rubuta. Haƙorina na gaba ya fito.

Wasiƙarki ta zo, Inna Saltanat ta ba mu ba ta buɗe ba. Wurin da kika ce a karanta mata, na fara karantawa sai ta tashi ta shiga kicin ta kunna famfo.

Mama, an zaɓe ni zan je gasa a wani gari, mu huɗu kawai aka zaɓa a ajinmu. Za mu hau babbar mota. Malama ta ba mu takarda mu cike. Wurin sunan uwa na rubuta Saltanat, ban sani ba, hannuna ne ya rubuta. Inna ta gani ta karɓe biron ta soke ta rubuta Burul. Ta danna da ƙarfi har takardar ta huje. Ba ta yi min faɗa ba.

Malama ta ba ni sabuwa. Ta ce wannan gasar ba irin ta gida ba ce, sai uwa ko uba sun sa hannu da kansu, inna ba ta isa ba. Inna ta je ta roƙe ta, ta ce doka ce. Ranar 4 ga wata mai zuwa za a tafi. Na sa takardar a cikin ambulan ɗin nan, ki sa hannu a inda na yi ɗigo ki dawo da ita da sauri, kada ki ninke ta da yawa.

Na tambayi Inna ko takardar za ta dawo kafin ranar. Ta ce in tambaye ki ko kuna nan a ɗakin ko kun sake tashi.

'Yarki,
Akmaral